Kawu Daga-Ina da Asalin Sunan Burodi

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin ranar Laraba, sha tara ga watan Yuni, ina tsaye a bakin tanderu ina jiran zubi na biyu ya gasu, sai ga waya daga 'yar autar kawuna. Ba sallama, ba gaisuwa, sai kawai ta ce, "Yaya, Baba ya tafi." Yayan mahaifiyata ke nan, tsohon ma'aikacin ɗakin karatu, wanda unguwa kaf ta sani da Kawu Daga-Ina. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Burodin da ke cikin tanderu a ranar ya ƙone ƙurmus, don ba wanda ya tuna da shi.

Kawu, ni ba marubuciya ba ce, ka fi kowa sani. Hannuna na kwaɓa fulawa ne, kuma kai da kanka ka sha cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan danshi. Amma akwai magana tsakanina da kai wadda ba ta ƙare ba. Magana ce ta takarda guda ɗaya da na ɓatar maka shekara tara da suka wuce, na kuma yi shekara taran nan ina ganin ni ce na kashe maka littafinka.

Bari in fara da sunan, saboda masu karatu da ba su san ka ba. Ba wanda ya zauna ya raɗa maka shi, bakinka ne ya ja maka. In an kawo maka mangwaro, kafin ka ce an gode sai ka ce daga ina? In an kawo maka labari, daga ina? In jikanka ya shigo da sabuwar kalma daga makaranta, sai ka ajiye kofin shayi ka zaunar da shi, daga ina? Inna, matarka, ta sha faɗa mana cewa da za a zo a ce maka gida ya kama da wuta, sai ka tambayi daga ina wutar ta taso kafin ka nemi bokiti. Kai kuma sai ka yi murmushi ka ce ai tambaya rabin ilimi ce, ita kuwa ta ce to ka daɗe da tara rabin, yaushe za ka cika?

Shekara talatin da shida ka yi a ɗakin karatu, a wani tebur da ke bayan kantocin littattafai, kana rubuta wa kowane littafi katinsa. Ba ka taɓa zama shugaba ba, kuma ban taɓa jin ka nema ba. Abin da na sani shi ne, in lokacin tashi ya yi, ka ga wani ya duƙufa a kan littafi, sai ka kama share-sharen da ba aikinka ba, don kada ka ce masa ya tashi. Littafin da bangonsa ya ɓalle, gida kake zuwa da shi ka dafa ƙullin fulawa ka liƙe shi, ka ɗora masa dutsen guga ya kwana biyu. Tsofaffin unguwa kuwa, duk wanda aka ba shi magani a asibiti, wurinka yake kawo takardar da ke cikin kwalin ka karanta masa. Ba ka taɓa gajiya ba, sai dai wanda ya zo tambayar sau nawa zai sha ƙwaya yakan tafi da tarihin sunan maganin a kyauta.

Da mahaifiyata ta rasu ina 'yar shekara bakwai, kai ka zo ka riƙe hannuna ka kai ni gidanka. Har na yi aure ban taɓa jin wani a gidan ya ce mini 'yar riƙo ba. Kai ka koya mini karatu a kan gwiwarka, kuma ranar da na ce ni makaranta ta ishe ni, burodi nake so in koya, kowa ya yi mini ca, kai kaɗai ka ce a bar ni, ai masu karatu ma sai sun karya kumallo.

Ni ce na jawo bala'in binciken nan, dole in amsa laifina tun daga tushe. Shekarar da ka yi ritaya ita ce shekarar da ni da baban yara muka buɗe gidan burodinmu. Jikoki sun hana ka sakat a gida, sai ka mayar da ɗan teburin da ke jikin taga a shagonmu ofishinka. Wata rana da rana, ina zuba kwaɓi a gwangwanaye, na ce bari in tsokane ka.

"Kawu, kai da kake tsare kowa da daga ina, shi wannan burodin, sunansa daga ina?"

Ko kai ba ka ɗaga ba ka ce, "Daga Ingilishi mana, su suke ce masa bread."

Na ce, "Su kuma fa, daga ina suka samo?"

Sai ka cire tabarau, ka goge, ka mayar. Na ga mutumin da ya yi shekara sittin yana ɗana wa mutane tarko yau ya faɗa ciki da ƙafarsa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na san abin da dariyar nan za ta haifa, da na yi ta a hankali.

Washegari ka zo da ƙamus uku a jaka. Ka fara da dangi na kusa. Bajamushe yana cewa Brot, mutanen Holan brood, na Suwidin bröd, can tsibirin Aisilan kuma brauð, da wani harafi a ƙarshe mai kama da "d" da aka soke da allura. Ka ce mini waɗannan ba aro suka yi wa juna ba, gado suka ci daga kaka ɗaya, wani tsohon harshe da ba a bar littafi da shi ba. Masana suna ƙiyasta yadda kalmar take a bakin kakan nan, sai su sa mata alamar tauraro a gaba, don a san ba wanda ya taɓa ganin ta a rubuce. Na ce to wanda ba a gani ba yaya aka san shi? Ka ce, "Ke ba ki ga kakanmu ba, amma duba hancina, duba naki, duba na Auta." Ban sake musu ba.

Ranar da ka fi murna kuwa ita ce ranar da ka gano cewa shekara dubu da suka wuce, kalmar da Turawan Ingila suka fi kiran wannan abinci da ita ita ce hlaf, wadda ta zama loaf ta yanzu. Ka shigo har bakin tanderu, inda na hana ka zuwa, ka ce in tsaya in ji. Sunan da suke kiran babban basarake da shi, lord, asalinsa mai tsaron burodi ne. Na uwargidan fada kuma, lady, asalinsa mai kwaɓa burodi. Ka nuna ni, ka nuna baban yara da ke zaune a kanta, ka ce ashe a gidan sarauta kake yini ba ka sani ba. Tun daga ranar baban yara ya ce shi da ɗaukar buhun fulawa har abada, tunda ba a taɓa ganin basarake da dako ba. Sai da na nuna masa muciya sannan ya sauka daga karaga.

Kana da ƙa'ida guda wadda ba ka wasa da ita: ba ka rubuta magana sai ka gan ta da idonka a littattafai biyu da ba su kwafi juna ba. Shaida biyu, haka kake cewa. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa da zafinsa, da jerin kalmomin Ingilishi da ya ce daga Hausa aka sace su, hujjarsa kawai sun yi kama a kunne. Ka ba shi kujera, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce, "Malam, kama da wane ba ta wane." Ya fita a fusace, amma bayan mako guda ya dawo aron ƙamus. Don neman shaida ta biyun nan ka koyi karanta Jamusanci kana da shekara sittin da biyar, ka yi ta aika wasiƙu zuwa ga tsofaffin abokan aiki, ana aiko maka da shafuka a ambulan.

Tambaya ɗaya ce ta tsaya maka a wuya. Shi kakan mai tauraro, daga ina? A nan masana suka rabu biyu. Wasu suka ce dangin kalmar tsimawa da tafasa ce, wato abin da aka sa wa yis ya kumbura. Wasu suka ce a'a, asalinta gutsure ne, ɗan yankin da aka ɓantara, domin a wasu tsofaffin rubuce-rubucen Ingilishi da wannan ma'anar ta zo. Shekara shida kana tsakanin hanyoyin nan biyu. Sai wani baƙon malami da ya zo aiki na ɗan lokaci ya ara maka wani tsohon littafi. Ka yi mako biyu a kansa, ka mayar masa, ya yi tafiyarsa. Ka zo ka ce mana an gama, gutsure ne, kuma hujjar tana takarda ta arba'in da bakwai cikin rubutunka. Har ka yi magana da mai ɗab'i, wata mai zuwa za a buga ɗan littafin.

Yanzu ga yadda abin ya faru, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. Kawu ba ya sayen takarda. Buhunan fulawarmu na takarda ne mai ruɓi uku, ni nakan yanka na cikin murabba'i-murabba'i in ajiye don naɗe burodi in leda ta yanke. Daga cikinsu yake ɗiba ya yi rubutu da fensir, a fuska ɗaya kawai. Kuma saboda ƙurar fulawa tana dusashe rubutu, duk wadda ya gama sai ya kife ta. To ka ga tarin takarda mai ruwan ƙasa, a kife, an jera ta tsaf a kan tebur a gidan burodi. Wa zai ce littafi ne?

Ranar wata Asabar ka tafi gidan waya karɓar saƙo. Leda ta ƙare, mutane sun yi layi har bakin titi, baban yara yana ta kira a kawo abin naɗi. Na waiga na ga tari a shirye, na ce Allah Ya yi wa wanda ya yanka albarka. Takarda sittin da biyu, burodi sittin da biyu, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Da ka dawo ka tsaya a kan teburin nan, ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Ina aikina?" A take na gane abin da na naɗe burodi da shi.

Yinin ranar ba zan manta da shi ba, kuma yau in na tuna dariya nake yi da hawaye. Mu uku, ni da kai da baban yara, muka bazu a unguwa gida-gida, muna sallama muna tambayar takardar burodi. Mai shayi ya riga ya naɗe wa wani soyayyen ƙwai da ta goma sha biyu, sai da muka bi mutumin har wurin aikinsa. Tela ya rubuta awon wandon wani a bayan ta talatin. Direban bas ya goge sandar duba baƙin mai da ta biyar, ya miƙo maka ita yana cewa ai har yanzu tana karantuwa. Wata malamar asibiti kuwa ta ƙi ba da tata sai ka gaya mata ƙarshen zancen, don ta karanta rabi wurin karin kumallo, abin ya tsaya mata a rai. Ka tsaya a ƙofar gidanta ka yi mata darasi na rabin awa, ni ina gefe kamar in nutse. Kafin la'asar mun tara sittin da ɗaya, wasu da maiƙo, wasu da tabon shayi. Ta arba'in da bakwai ce ba mu gani ba, kuma ba a sake ganin ta ba.

Na jira faɗa, bai zo ba. Ka jera takardun, ka ƙirga sau biyu, ka ce, "Ba komai." Wallahi Kawu, da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka je ka ce wa mai ɗab'i a dakata. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Ka ci gaba da zuwa teburinka, sai dai yanzu da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Duk wanda ya tambaye ka ina littafi, sai ka ce yana kumbura, ba a gaggawar kwaɓi. Mutane su yi dariya, ni kuwa in sulale in koma bakin tanderu, don a can in ido ya yi ja sai a ce zafi ne. Sau nawa na shirya maganar neman gafara, in na zo gabanka sai kunya ta sa in ɓige da tambayar ko a ƙaro shayi.

Da jiki ya tsananta, na san in ban faɗa yanzu ba, ba ranar faɗa. Ranar Talata da yamma, kwana ɗaya kafin rasuwarka, na same ka a jingine da matashi biyu, akwatin ƙarfen yana gefen gado. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini takardar nan. Ni na hana littafinka fitowa."

Ka miƙo mini hannu. Sannan ka ce, "Tashi ki zauna, 'yata. Ba ke ba ce."

Ka gaya mini cewa tun a shekarar farko baƙon malamin nan ya aiko maka da hoton shafukan littafin. Da ka zauna sake rubuta takardar, sai ka ga abin da ka yi a karon farko. Shaida ɗaya ce kawai a hannunka, ka ƙirga ta biyu, kuma ka kau da kai daga hujjar ɗaya ɓangaren. Dalili kuwa, ranka ne yake son amsar ta zama gutsure. Ka ce ya yi maka daɗi a ce an sa wa abinci suna daga ɓantarawar da ake yi a miƙa wa na kusa, sai son ya rufe maka ido.

"Da ba ki naɗe burodi da ita ba, da na buga abin da ban tabbatar ba, da sunana a kai," ka ce. "Ke kika cece ni. Amma ya fi mini sauƙi a ce an ɓatar wa Kawu da hujja, da a ce Kawu ya karya ƙa'idarsa. Ina ganin ki kina guje wa idona, na yi shiru. Na bar ki da kayan da ba naki ba. Ni ne mai neman gafara."

Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Shekara tara, Kawu! Shekara tara ina zaɓar maka burodin da ya fi gasuwa don in rage zunubi!" Ka fara dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce ai shi ya sa ba ka yi gaggawar faɗa ba. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, ina yi ina share hawaye, ina ce maka tsoho mai wayo.

Sannan ka sa na buɗe akwatin, na ɗauko takarda da fensir, ka yi mini shifta. Ka kawo hujjar masu cewa tsimawa, ka kawo ta masu cewa gutsure, kowanne ka ba shi haƙƙinsa. A ƙarshe ka ce in rubuta: "Na bi wannan kalma shekara goma sha biyar. Iyakar inda idona ya gani ke nan. Abin da ke gaba da nan, ban sani ba." Na sa lamba arba'in da bakwai a sama, da rubutuna na kaza. Babban Yaya, ɗanka na fari, ya riga ya kai wa mai ɗab'i duka sittin da biyun, kuma mun ce kada a gyara ko harafi ɗaya a wannan shafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi shekara hamsin da ɗaya tana amsa tambayoyinka, Allah Ya ba ta haƙuri da juriyar shirun da gidan zai yi. Ina yi wa Babban Yaya da Auta da sauran 'yan'uwana ta'aziyya, da jikoki, da abokan aikinka na ɗakin karatu, da tsofaffin unguwa da yanzu za su nemi wani mai karanta musu takardar magani. Allah Ya ba mu ladan haƙuri, Ya haɗa kanmu a bayanka.

Saura abu ɗaya. A ranar Talatar nan, muna cikin dariya da shifta Inna ta shigo da magani, ta ce in bar ka ka huta. Na tattara takardu, na ce sai gobe, na fita. Sai da na kai gida na tuna ka nemi gafarata, ni kuwa na yi tsiwa, na yi dariya, amma ban ba ka amsa ba. Na ce ba komai, gobe in na sauke zubi na biyu zan je in faɗa maka. Ban samu goben ba.

To ga amsar, Kawu, a gaban duk wanda ya karanta wannan. Na yafe maka, duniya da lahira, har cikin zuciyata, ba sauran komai.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya riƙe marainiya bai nuna mata maraici ba, kuma ya faɗi gaskiya a kan kansa tun numfashi bai ƙare ba. Ka jiƙan sa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ni baiwarKa mai rauni na yafe masa nawa, Kai kuwa Ka fi ni son yafiya. Ka yafe masa sauran. Amin.